'Yar Malbaza Ta Rufe Ido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake na dafa ƙirjin ban ji komai yana motsi a ciki ba, ni Barmo Mai Hoto na bakin kasuwar Illela nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan gida da na Konni da Malbaza da Bazaga da ƙauyukan da ke tsakani, cewa kyamarata, wadda kowa ya sani da suna 'Yar Malbaza, ta rufe ido. Ta cika ranar Laraba, ranar kasuwar Konni, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburin Chindo mai gyaran agogo, bayan jinyar da ta faro tun farkon damina.

Na je wurin liman na tambaye shi ko ya halatta a ce ƙarfe ya rasu. Ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma bai ga inda aka hana tsoho faɗin abin da ya rasa ba. To shi nake faɗi. Waɗanda suka san ni sun san ba a zama da ni a tashi ban jefi mutum da karin magana ba. Tun ranar Laraba nake laluben guda ɗaya da zai dace da wanga al'amari, ban samu ba. Saboda haka zan faɗi magana yadda take.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce, daga bayan teku aka ce ta fito. Ta zo hannuna ta wurin wani ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza, da aka yi wa canjin wurin aiki ya ce kaya sun yi masa yawa. Daga nan ta samo sunanta. Baƙa ce, mai farin goshi, da ido ɗaya, da igiyar fata wadda ta sha gumin wuyana har ta yi laushi kamar kunnen akuya. 'Yan buro, wato ma'aikatan ofis, suna ce mata aparai, yaran lakwal 'yan boko su ce kyamara, tsofaffin mata su ce akwatin nan na Barmo. Duk tana amsawa.

Ba ta da surutu. Maganarta biyu ce duk rayuwarta. In ta ɗauka ta ce ƙyas, in aka ja hannunta don fim ya matsa ta ce kirrr. Ban taɓa jin ta ƙara ta uku ba sai da ciwo ya kama ta. Ba ta cin abinci sai fim, ba ta shan komai sai haske, ba ta taɓa tashe ni da safe da wata buƙata ba. Kuma ba ta yi wa kowa kara. Babban jandarma ya zauna gabanta da hularsa da lambobinsa, ta fito da kunnuwansa yadda Allah ya halicce su. Mai jaki ya zauna bayansa, ta ba shi daidai abin da ta ba wancan. Mata sun sha roƙona in sa ta ta ƙara musu haske, maza sun sha roƙo ta ɓoye furfura. Ta ƙi. Wanda ya zo da fushi a fuska ya tafi da shi a takarda. Ita ta ɗauki hoton katin shaidar rabin mutanen ƙasar nan, da na masu tafiya Makka, da na samari 'yan cirani da ke barin fuskarsu a gida kafin su yi kudu.

Amma ba da wannan mutanen Illela suka fi saninta ba. Da rairayi suka san ta. Kowa ya san duk shekara akwai yammacin da Barmo ke rufe rumfa tun kafin la'asar, ya hau keke, ya yi arewa, ya je ya ɗauki hoton tudun rairayi rana na faɗuwa. An yi mini dariya a kai, ta gaban ido da ta bayan ido. Dogo mai shayi ya taɓa ce mini cikin mutane, "Baba Barmo, in yashi kake so, ga shi nan cikin shayina kyauta, mi ya kai ka nesa?" Mai wankin hoto na Konni, mutum mai ladabi, ya ce, "Baba, hotunan ga sun yi kyau ƙwarai, tudun ja kamar garwashi. Amma kullum inuwarka na ciki. Ko ɗan koyo ya san ba a barin inuwa cikin hoto." Ban amsa wa kowannensu ba. Yau zan amsa, don mai aikin ta tafi, kuma don ina da buƙata a wurinku.

Tudun nan da kuke gani a hotunan ƙauyenmu ne, Gidan Labo. Can gidana yake a da, sana'a ce ke kawo ni Illela. A shekarar babban fari, wadda gero bai fid da kai ba, matata Ladi ta rasu, daidai lokacin da ya kamata a ce ana yankan gero. A cikin watan Cika-ciki ne, watan da ake cewa kowa ya ci ya ƙoshi, ga shi kuwa ba tukunyar da ta hau wuta a garin. Ɗanmu Moussa, shi kaɗai Allah ya bar mana, ya riga ya tafi Abijan neman abin da za mu ci, bai ga jana'izar ba. Mun rufe ta a maƙabartar da ke gabas da rijiya, kusa da kututturen wata aduwa, muka aza mata fasasshen tulu kamar yadda ake yi wa kowa.

Da mutane suka watse, na hau bakin rijiyar, wanda aka ɗaure da siminti, na tsaya, don ban san inda zan nufa ba. Rana tana bayana, ta kusa taɓa ƙasa. Sai na ga inuwata ta miƙe, ta yi tsawo, ta ƙetare gonar da ke tsakani, har kanta ya je ya kwanta a kan sabon kabarin. 'Yar Malbaza tana wuyana, don daga kasuwa aka kira ni. Ban yi wani tunani ba. Na ɗaga ta. Ta ce ƙyas.

Bayan haka mutanen garin suka tashi, gida bayan gida. An sare itatuwa an sayar, ƙasa ta kwance, rairayi ya fara tafiya. Ya ci gonaki, ya ci danga, ya shiga ɗakuna ya zauna. Da na koma shekara ta zagayo, tulun ya nutse, kaburbura duk sun zama shimfiɗa ɗaya. Amma rijiya tana nan, rana kuma tana nan. In na hau simintin na ba rana baya, inuwata ta nuna mini inda Ladi take. Wannan ita ce inuwar da ɗan koyo ya san ba a bari.

A nan zan faɗi babban alherin da marigayiya ta yi mini, a rubuta mata shi. Shekarun farko, da lissafin wata nake zuwa, duk Cika-ciki, kamar yadda kowane Musulmi ke tuna ranar mamacinsa. Ina tsayawa, inuwa ta nuna, in je in durƙusa in yi addu'a in dawo. Wata rana na jera hotunan a kan tabarma, na farko da waɗanda suka biyo shi. Sai na ga kan inuwar yana gudun kututturen aduwa, kowace shekara yana ƙara zamewa hannun dama. Idona bai gani ba a can, ita ce ta gani. Ashe wata yana gudu gaban shekara, Cika-ciki ya baro kaka ya shigo damina, rana kuwa ba a wuri ɗaya take faɗuwa kaka da damina ba. Kowane manomi ya san haka, ni ma na sani, amma ban haɗa biyun ba. Da na auna, na gane a zuwana na ƙarshe gefen Mumuni maƙeri na durƙusa, mutumin da ko a duniya ba mu cika gaisawa ba. Allah ya kai masa ladan, ba na neman a mayar mini. Tun daga nan na bar lissafin wata na koma na gona. Sai an fara yankan gero, gawo ya soma fid da sabon ganye, sannan in je. Inuwa ta koma inda take a hoton farko. Daga baya kututturen ma ya nutse, amma ban damu ba, na riga na san lokacina kuma na san wurin tsayawata.

Duk shekarun nan Moussa bai dawo ba. Ba zan faɗi dalili ba, nasa ne. Amma duk ɗan ciranin da ya aiko da gaisuwa ta bakinsa, tambaya ɗaya ke biyo gaisuwar: ina aka sa uwarsa. Ni kuma amsa ɗaya nake mayarwa: in ka zo zan tsayar da kai inda za ka gani da idonka.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya faro. Farkon daminar bana wani makiyayi ya tsaya rumfata ya ce rairayi ya kai leɓen rijiyar Gidan Labo. Cikinta ya cika tun tuni, bakin ne kawai ya rage a waje. Sai a ranar na tuna wani abu da ban taɓa tunawa ba. Duk hotunan da na ɗauka, a kan rijiyar nake tsaye. Rijiyar kanta ba ta cikin ko ɗaya. In ta nutse, hotunan sun zama abin da Dogo ya ce, yashi.

Na sa sabon fim na tafi, ba lokacina ba. Na zagaye rijiyar, na ɗauke ta ta gabas da yamma, kudu da arewa, na haɗa ta da dutsen da ake hangowa can nesa, na haɗa ta da gorubai biyu da suka rage, yadda ko ta nutse mutum zai riƙe hoto ya yi ta matsawa har dutse da goruba su zauna masa daidai. 'Yar Malbaza ta yi aiki ranar nan kamar ta sani. Ƙyas, kirrr, ƙyas, kirrr, har fim ya ƙare. Ina sauke ta na ga gabas ta yi ja. Hadarin farko ne, da iskarsa a gaba. Na kwance rawanina na naɗe ta, na kwanta a kanta. Iskar ta yi abin da ta zo yi. Da na tashi na kakkaɓe, babu rijiya. Na dawo bayan kwanaki da haske mai kyau, na iske tudun ya sake fuska, inda yake kwari ya zama tudu, inda yake tudu ya zama kwari. Na tsaya kamar baƙo a garin da aka yanke mini cibi.

Rawani bai hana komai ba, rairayi ya shige ta. Na ja hannunta, a maimakon kirrr ta ce ƙarr, ta tsaya a rabi. Maɓallin da ake ja bayanta ya buɗe shi ma ya ƙage. Ga wanda bai sani ba, fim ɗin da ba a wanke ba, in ya ga haske ya mutu nan take, shi ya sa ba a buɗe kyamara sai a ɗakin duhu. Mai wankin hoto ya shiga da ita ɗakin duhunsa ya yi iyakar yinsa, ya fito ya ce bayanta ya ƙi buɗewa, sai dai a kai wa mai gyaran agogo ya sassauta maɓallin, a dawo masa da ita a rufe. Ban kai ba. Na dawo da ita gida na yi ta jinya duk damina, ina hura mata iska, ina share ta da gashin kaza. Tsoro nake ji. Muddin tana rufe, rijiyar tana cikinta.

Sai Yari direba ya dawo daga kudu da saƙo. Moussa yana tafe a farkon yankan gero, da matarsa, da ɗiyarsu wadda ya sa wa sunan uwarsa, suna kiranta Umma. Jinkiri ya ƙare. Ranar Laraba na shiga mota na kai ta Konni.

Chindo dattijo ne, hannunsa ba ya rawa, agogo da rediyo duk suna jin maganarsa. Na ce masa, "Malam Chindo, wanga maɓalli ne ya ƙage. Ka bi ta a hankali, akwai wanki a cikinta." Ya ce, "Tau, Baba, an gama." Aka kira azahar, na tafi masallaci.

Mu masu hoto, in muka ce akwai wanki, muna nufin akwai fim ɗin da bai je ɗakin duhu ba. Su masu agogo, in aka ce akwai wanki, ana nufin a buɗe ciki a zuba fetur a fid da datti. Shekara da shekaru muna cin abinci da kalma ɗaya, ban taɓa lura ba.

Na dawo na iske ta a buɗe, rana na dukan cikinta, ƙananan ƙarafunta suna jiƙe a gwangwani. Chindo ya tarye ni da fara'a. Ya ce, "Baba, ka yi gaskiya, wanki kam akwai shi. Dubi yashin da na fid da, ya isa a shuka gyaɗa. Har zarenta na iske ya sarƙe, irin na kaset, na jawo shi duka na rataye ya sha iska. In ya huce sai mu naɗe shi da biro." Na duba. Ga fim ɗin a kan ƙusa, iska na kaɗa shi, rana ta ratsa shi daga kai har gindi.

Na juyo na dube shi. Da ya ga fuskata, fara'ar ta tafi. Ya mayar da komai inda yake. Fetur ya riga ya narkar da abin da ke riƙe labulen idonta. Ya miƙo mini ita, na danna. Ba ta ce komai ba. Na sake dannawa. Nan ta cika.

Ban zagi Chindo ba, kuma ban yarda kowa ya zage shi ba. Abin da ya ji shi ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Ya bi ni har tasha yana cewa, "Baba, ka ce wani abu mana, ko zagi ne." Na duba cikina ban samu ko zagin ba. Na ce masa ya koma rumfa kada a sace masa agogo.

Marigayiya ta bar ƙafafunta uku na ƙarfe, suna jingine a kusurwa ba abin da za su ɗauka. Ta bar jakar fata, da baƙin ƙyallen da ake ratayawa bayan mai zama, da kujerar da kowa a ƙasar nan ya taɓa zama a kai yana ƙoƙarin kada ya ƙyafta ido. Ta bar hotunan rairayi a cikin adaka, kowane da doguwar inuwa ba rijiya. Ta bar fuskoki ba iyaka a aljihunan mutane, da bangon ɗakuna, da cikin akwatin suturar mata, wasu masu fuskar sun riga ta tafiya. Ta bar ni.

'Yan gaisuwa sun fara zuwa, na gode musu. Dogo ya aiko da shayi, na sha, ban ji ko akwai sukari ba. Yayata Zalika ta zo daga Bazaga ta zauna ta dube ni ta ce, "Kai Barmo, tudu duk ɗaya ne. In yaro ya zo ka nuna mishi ko'ina, shi yi addu'a tai. Allah ya san inda Ladi take, ba sai ka gaya mishi ba." Liman ma ya ce addu'a ba ta ɓatan hanya. Na yarda da su duka biyu. Amma Moussa bai tambaye ni inda addu'a ke zuwa ba, ya tambaye ni ina aka sa ta. Kuma ni na yi shekaru ina rataye da abin da bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ko jandarma. Ba zan fara ba don ta daina gani.

Ga yadda za a yi jana'iza. Za a jira isowar Moussa. Juma'ar da ta biyo zuwansa, gero ya fara faɗuwa gawo ya yi ganye, za a taru a rumfata bayan an sauko daga masallaci. Akwai amalanken jaki don tsofaffi da wanda ƙafa ta gaza. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi. Likkafaninta rawanin nan ne da bai tsare ta ba. Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar sadaka, kada wata mace ta wahalar da kanta da fura.

Abin da ake buƙata mutane ne. Ban saba roƙo ba, kun sani, kuma ba da kyau zan yi shi ba. Duk wanda ya san akwai hotonta a aljihunsa, ko na ubansa a bangon ɗakinsa, ya zo. Kowa ya zo da dagi ko doguwar sandar ƙarfe, wanda ba shi da ita ya ara. Chindo ya ce zai rufe rumfa ya zo da tasa, na ce masa ya tsaya kusa da ni. In mun isa Gidan Labo, za mu yi sahu kamar na salla daga gindin gorubai, mu yi gabas, kowa yana soka ƙarfensa a rairayi yana matsawa. Kada a ji tsoron faɗawa, rijiyar a cike take.

Wanda ya ji ƙarfensa ya bugi siminti, kada ya yi kuwwa. Ya tsaya a wurin ya ɗaga hannu. A nan za a haƙa, a nan za a sa 'Yar Malbaza. Sannan Moussa ya hau simintin. Tsawonmu ɗaya da shi, in dai Abijan ba ta rage shi ba. Ya ba rana baya, ya jira ta kusa taɓa ƙasa, ya duba inda kansa ya kwanta.

In kuma magariba ta riske mu ba wanda ya ji komai, za mu rufe 'Yar Malbaza inda ƙafata take, mu yi salla, sannan in dubi ɗana in ce masa uwarsa tana nan, ban san ina ba.

Ku zo da wuri. Hasken da nake buƙata ɗan kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa.

Barmo Mai Hoto
Bakin kasuwa, Illela